Mu Ne Ake Fara Tararwa A Ƙaramin Asibiti

Yaron da aka haifa a ƙauyukan ƙasar Argungu, ko a Gulma ne, ko Lailaba, ko Alwasa, ko Sauwa, da wuya a ce likita ne ya fara duba shi a duniya. Galibi ungozoma ce ke yanke masa cibi, sannan ranar da jikinsa ya fara zafi a goyo shi zuwa ƙaramin asibitin mazaɓa, inda irinmu ke zaune. Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta matakin farko, cikin rukunin da takardun gwamnati ke kira CHEW. Ba likita ba ce ni, ba kuma nas ba. An horar da mu ne domin mu zama mataimaka, mu rage wa likita nauyi, mu kai kiwon lafiya inda ƙafarsa ba ta zuwa. Sai dai a yawancin wuraren da ake tura mu, likitan da za mu taimaka wa yana can babban asibitin Argungu ko Birnin Kebbi, mu ne kaɗai tsakanin majinyaci da hanyar mota. Don haka nake so jama'a su san abin da aka koya mana, da abin da hannunmu ke iyawa, da kuma inda ya tsaya.

Aikin ya daɗe. Tun zamanin Turawa, da suka ga likitocinsu ba za su wadaci ƙasar ba, suka buɗe makarantar koyon aikin likita a Yaba ta Legas a 1930, wadda ta riƙa yaye mataimakan likita. A nan Arewa kuwa En'e ce ta riƙa gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, ta zuba malaman asibiti masu wanke gyambo da ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Tsarin da muke kai yanzu ya biyo bayan taron da ƙasashen duniya suka yi a Alma-Ata a 1978, inda aka amince cewa kiwon lafiya ya fara daga unguwa da ƙauye. Wanda ya ɗauki wannan magana da gaske a Nijeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1992 ɗin aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, aka kuma kafa hukumar da ke yi mana rajista da ba mu lasisi, a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 61. Kuma kada a ɗauka talauci ne kawai ke sa a nemi mataimaka. Amurka da arzikinta, a 1965 Jami'ar Duke ta fara horar da tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa su zama mataimakan likita. A Mozambik har tiyatar fitar da jariri ake koya wa mataimakan. Mu a nan ba a ba mu wannan ba, kuma duk wanda ya ce muku an ba shi, ƙarya yake yi.

Hawa uku ne aikin. Akwai ƙaramin ma'aikaci mai karatun shekara 2, akwai irina mai difloma ta shekara 3, sai jami'in lafiyar al'umma wanda ke ƙaro karatu a asibitin koyarwa bayan ya yi aiki. Yawancinmu 'yan Jihar Kebbi daga kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega muka fito. Ana koyar da sassan jiki da yadda suke aiki, da magunguna, da awon ciki, da rigakafi, da abinci mai gina jiki, da tsaftar muhalli, da yadda ake zana taswirar gari a ƙidaya gidajensa da rijiyoyinsa. Bayan jarrabawar makaranta akwai ta ƙasa, wadda sai an ci ta ake samun lasisi.

Abin da ya bambanta mu da mai kemis shi ne wani littafi, wanda ake kira Standing Orders. Ƙa'idojin aikinmu ne a rubuce. Ga ƙorafin majinyaci, ga tambayoyin da za a yi masa, ga abin da za a duba a jikinsa, ga hukunci: wannan mai sauƙi ne, ba shi magani kaza gwargwadon shekarunsa, wannan matsakaici ne, ba shi magani ka ce ya dawo jibi, wannan mai tsanani ne, yi masa taimakon farko ka tura shi gaba nan take. Likitoci ne suka tsara shi, shi ne kuma kariyarmu a gaban doka muddin ba mu ƙetare shi ba. Na san wasu abokan aiki suna jin kunyar buɗe shi a gaban majinyaci, wai kada a ce ba su iya ba. Ni a kan tebur nake ajiye nawa, bangonsa har ya yi laushi, kuma ban taɓa ganin uwar da ta raina ni don na duba adadin maganin ɗanta kafin in ba ta ba.

Wanda ke son ganin aikin a kan ganiyarsa ya zo cikin watan Agusta ko Satumba. Gulbi ya cika ya malala cikin fadama, shinkafa ta yi kore shar, sauro kuma ya samu gida. Kafin ƙarfe takwas benci ya cika da mata, kowace da goyo, wata da biyu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5 suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, adadi mafi yawa a duk Nijeriya, alhali a Legas kashi 2 ne. Mu da ke kan benci ba mu yi mamakin wannan lissafi ba.

“Malama, masassara ce, kwana ukku ba ya cin komi. Ki yi mishi allura.”

Haka kusan kowace uwa ke farawa. Ni kuma sai in ce, “Sannu Inna, kwantar da hankalinki, bari mu duba jininsa tukuna.” In goge ɗan yatsan yaron da auduga, in soka ɗan tsinke, in ɗebi ɗigo guda in zuba a ramin 'yar farantin gwaji, in bi da ruwan gwajin. Sai a jira kamar minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya ya fito, babu ƙwayar. Layi biyu, akwai ta. In akwai, kuma yaron yana iya sha yana iya zama, maganinsa ƙwayoyi ne da ake sha safe da yamma har kwana 3, sau 6 ke nan, kuma sai an cinye su duka ko da jiki ya yi sanyi tun rana ta biyu. A nan ake yawan samun matsala. Yaro ya tashi yana wasa, sai uwa ta ɓoye sauran don ƙanensa. Bayan mako biyu ga su sun dawo, wannan karon tafin hannunsa fari fat, jini ya ƙone.

Wahalar ta fi yawa idan layi ɗaya ya fito. Uwa ta taho da yaƙinin zazzaɓin sauro ne, ta biya kuɗin babur, ga shi kuma ana ce mata ba shi ba ne. A nan ne aikin gaske yake. Sai in ɗaga rigar yaron, in sa agogo a gabana, in ƙidaya numfashinsa na minti guda cur. Jariri daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50, numfashin ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. In kuma ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ciwon huhu ne ya kama shi, ba kuma maganin zazzaɓi ne zai warkar da shi ba. In leƙa kunne, in duba maƙogwaro, in lanƙwasa wuya in ga ko ya sanƙare, domin sanƙarau baƙonmu ne na lokacin zafi, ko a farkon 2025 ya yi ɓarna a Gwandu da Jega da Aliero. In ɗaura masa tsinken awon dantse: ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Duk wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ido ne da yatsa da haƙuri, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa idan mutum hamsin na jiranka a waje.

Maganar allura kuwa, yaƙi ne da ba mu gama ba. Mutanenmu sun yarda cewa maganin da bai huda fata ba bai shiga jiki ba, kuma wanda aka yi wa ƙarin ruwa shi ne aka kula da shi. Ma'aikacin da ke son suna a gari, hanya mafi sauƙi ita ce ya riƙa rataya wa kowa ledar ruwa. Za a yabe shi, za a kawo masa kaji. Amma allurar da ba ta da dalili tana iya barin ƙurji, tana iya taɓa jijiyar ƙafar yaro ta bar shi da ɗingishi, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma in aka yi ta ba da shi barkatai, ranar da ake buƙatarsa ba zai yi aiki ba. Yaro mai gudawa da ke iya sha, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc na kwana 10 sun fi masa ledar ruwa. Kafin uwa ta yarda da haka sai an zauna da ita, an haɗa ruwan a gabanta, an ba yaron cokali-cokali har ta ga idonsa ya buɗe.

Akwai kuma cutar da ba a kawo mana ita, sai mun je mun nemo ta. Yaran bakin gulbi, 'ya'yan masunta da masu dashen shinkafa, da yawansu suna fitsarin jini. Tsargiya ce, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata yayin wanka ko su. Wasu iyaye suna ɗaukar ta alamar yaro ya fara girma. Maganinta ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya gwargwadon tsawon yaro, amma in aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda.

Ranar awo ita ce ranar da na fi so, ita ce kuma ta fi tsorata ni. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin raba ayyuka, wanda ya halatta wa irinmu, bayan ƙarin horo, karɓar haihuwar da ba ta da tangarɗa, da sa ashanar tazarar haihuwa a dantse, da ba da taimakon farko ga mai jijjiga ko mai zubar jini. An yi haka ne don ungozomomin asibiti ba su isa ba, kuma a ƙauyukanmu mace ba ta sakin jiki da ma'aikaci namiji. Mace ta zo, in auna nauyinta, in auna hawan jini, in duba idonta da tafin hannunta, in shafa cikin in ji kwanciyar ɗa, in saurari bugun zuciyarsa. In ba ta maganin ƙarin jini, da na rigakafin zazzaɓi wanda take haɗiyewa a gabana, da allurar tsinkau-tsinkau, da gidan sauro in akwai.

Wata yarinya mai cikin fari, wata takwas, uwar mijinta ta rako ta. Ƙafafu sun kumbura, fuska ta cika, tana cewa kanta kamar zai rabe, tana ganin wasu taurari-taurari. Na ɗaura abin awo: 160 bisa 110. Na bari ta huta na sake, bai sauka ba. Na tsoma tsinken gwaji a fitsarinta, ya sauya launi. Na ce wa tsohuwar, “Goggo, yau ba gida za ku koma ba, babban asibiti za ku.” Ta ce, “Haba ɗiyata, kumburin cikin fari ne, kowa ta yi shi. Ki ba ta magani mu tahi, mijinta na fadama.” Ban yi gardama da ita a kan kumburi ba. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin mai ciki ta faɗi tana taune harshe. Ta yi shiru, sannan ta ce ta gani, ƙanwarta ce, kuma ba ta tashi ba. Na ce to abin da ke tafe ke nan, amma mun riga shi. Na yi wa yarinyar allurar da ke hana jijjiga, ɗaya a kowane ɗuwawu, na rubuta takardar turawa da lokacin da na yi allurar da adadinta, don kada a maimaita mata kafin lokaci. Aka aika yaro da babur ya kira mijin daga gona, ni kuma na kira wani direban tasha da nake da lambarsa. Daga nan aikin ya fita hannuna. Ciki irin wannan, maganinsa na gaskiya shi ne a raba uwa da ɗa, kuma wannan hukuncin likita ne, a wurin da ke da ɗakin tiyata da jini.

Tura majinyaci gaba shi ne abin da nake ganin ya fi komai nauyi a sana'armu, kuma shi ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. In muka ce a wuce gaba, sai a ce Malama ta kasa, ko ba ta son wahala. Masunci a Matan Fada, da gorarsa da homarsa, ya san inda ƙafa ke taɓa ƙasa, ya kuma san gurbin da ba a shiga sai da gwani. Ba wanda ke ce masa rago don ya san haka. Yaro mai suma, ko mai amai da duk abin da ya sha, ko wanda ya kasa kama nono, mace mai naƙudar da ta wuce yini, ko wadda hannun ɗa ya riga fitowa, ko wadda mabiyiya ta ƙi faɗowa, waɗannan ba namu ba ne. Namu shi ne mu gane su da wuri, mu tsayar da abin da za mu iya tsayarwa, mu sa su a hanya. Mafi yawan ɓarnar da ake jingina wa ma'aikatan lafiya a ƙauye daga wanda ya ƙi sakin majinyaci take fitowa, ko don kwaɗayin kuɗi, ko don jin daɗin girman da ake ba shi. Akwai masu buɗe ɗaki a gida suna ƙarin jini, har da masu tsaga ƙaba. Ina faɗa da babbar murya, lasisinmu bai ƙunshi wannan ba.

Sai dai faɗin “ku wuce gaba” ya fi aikata shi sauƙi. Sai an nemi izinin maigida. Sai an nemo kuɗin mota, a lokacin da shinkafa ba ta nuna ba, aljihu ba komai. Sai an nemi wanda zai ba da jini. Da damina wasu tungaye sai da jirgin ruwa ake fita, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a jihar nan, ya san abin da nake nufi. Shi ya sa tun ciki na wata biyar nake fara yi wa mace da mijinta maganar tanadi: wa zai kai ta, da motar wa, ina kuɗin, wa zai ba da jini. Wasu mazan suna jin kamar ina yi musu fatan tsiya. Ina ba su haƙuri, in kuma maimaita.

Rigakafi shi ne ɓangaren da ba a gani, domin yaron da bai kamu da ƙyanda ba ba ya zuwa ya yi godiya. Magungunan rigakafi suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin watan Afrilu ke haura 40. Safe da yamma sai an duba ma'aunin firij mai aiki da hasken rana an rubuta. A jikin kwalba akwai ɗan tambari, murabba'i a cikin da'ira. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, zafi ya kashe maganin, sai zubarwa. Ranar fita ƙauye a jera ƙanƙara a akwati, a ɗaure a bayan babur, a sauka ƙofar gidan mai gari. Jariri na karɓar nasa ranar haihuwa, sannan a mako 6 da 10 da 14, sai ta ƙyanda da ta shawara a wata 9, a ƙara ta ƙyanda a wata 15. Daga Disambar 2024 an ƙara rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kuma Kebbi da Bayelsa ne jihohin da aka fara da su: a wata 5, da 6, da 7, sai ta huɗu a wata 15. Ba ta hana kwana cikin gidan sauro ba, ba ta kuma soke maganin da muke rabawa gida-gida duk wata da damina ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ba.

A wannan fage sarakuna sun sauƙaƙa mana. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, shi ne shugaban kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, kuma gidan da ya rufe mana ƙofa, in mai unguwa ya yi sallama yakan buɗe. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ƙafafun ma'aikata irinmu ne suka taka wannan hanya, gida-gida, shekara da shekaru. Har yanzu akwai wani nau'in ƙwayar da ke yawo inda yara ba su cika rigakafi ba, shi ya sa ɗigon bai tsaya ba.

Akwai abubuwan da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Na karɓi haihuwa da fitilar waya a baki. Na rubuta wa uwa magani na ce ta sayo a kemis, alhali na san ba ta da ko sisi. Rajistocin da muke cikewa sun fi goma, na masu zuwa, na awo, na haihuwa, na rigakafi, na tazarar haihuwa, kuma ƙarshen wata sai an tattara su an kai ƙaramar hukuma. Ga ƙannenmu da suka gama karatu suna aikin sa-kai shekara da shekaru ba albashi, suna jiran ranar ɗauka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya na tushe, da burin kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki sosai. Inda kuɗin ke isa ana ganin bambanci: an gyara rufi, an sayo safar hannu da magani, an biya mai shara. Amma gini ba ya karɓar haihuwa da ƙarfe biyun dare. Asibitin da ke da ma'aikaciya mace guda ɗaya, ranar da ta tafi jana'iza ko ita ma ta haihu, matan garin sun koma hannun Allah da na ungozoma.

Ungozomomin nan kuwa ban ɗauke su abokan gaba ba. Sun riga ni sanin kowace mace a gari, su ake fara tasa da dare. Wadda na ja a jiki, na nuna mata alamun haɗari, na roƙe ta ta daina sa toka ko man goge baki a cibi ta riƙa shafa maganin da muke bayarwa, ita ce gobe za ta rako mini mai naƙuda da kanta.

Ga iyayen da ke da 'ya mace a sakandare a Argungu ko Augie ko Kangiwa ko Kamba, abin da ake nema don shiga karatun difloma shi ne kiredit 5: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Yarinyar da ta tashi a garin, take jin Hausar mutanensa ko Zabarmancinsu ko Fulatancinsu, aka san gidansu, ta fi baƙuwa saurin samun amanar mata, kuma ba ta neman canjin wurin aiki bayan wata shida, domin mijinta da 'ya'yanta da gonarsu duk suna nan.